Numfashi Bayan Tiyata: Abin da Nas Ke Rubutawa a Garwa

A Asibitin Yanki na Garwa, kamar kowane asibiti, da zarar an turo mutum daga ɗakin tiyata sai dangi su hau hamdala, a ganinsu an tsallake. Nas kuwa a lokacin aikinta ke farawa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2018, kan majinyata sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya nuna haɗarin mutuwa bayan tiyata a nahiyar ya ninka na duniya, kuma akasarin mace-macen a kwanakin da suka biyo bayan aikin ne.

Huhu na cikin wuraren da matsala ke ɓulla. Maganin sa barci kan sa ƙananan jakunkunan iska na ƙasan huhu su motse. Ga kuma ɗinki a ciki: wanda aka yi wa aikin hanji yana tsoron jan dogon numfashi, balle tari. Kaki ya taru a ƙirji, daga nan sai zazzaɓi da ciwon huhu. Ƙurar hunturu da shan sigari suna ƙara dagula lamarin.

Likita yakan rubuta sunan cuta. Nas kuma tana rubuta yadda jiki ke fama da ita, bisa tsarin da ƙungiyar NANDA, wadda aka kafa a Amurka a 1982, ta yaɗa: matsala, dalilinta, sannan alamun da aka gani. Misali: "Kasa fitar da kaki, saboda zafin ɗinki, ga shi tarinsa ba ƙarfi, ƙirji na ƙara, numfashi 28 a minti." Babba mai lafiya tsakanin 12 da 20 yake yi.

Dalilin nan da ke tsakiya shi ne ƙashin bayan rubutun. Majinyata biyu na iya kwanciya gado da gado, na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna oksijin ɗin kowannensu ya sauko ƙasa da 90. Na farko yana haki don ciwo ya hana shi buɗe ƙirji, maganin ciwo yake buƙata. Na biyu numfashinsa ya ja baya zuwa 8 a minti saboda maganin ciwo na mofin ya yi masa yawa. A ƙara masa, an kashe shi. Rubutun da ya tsaya a "yana wahalar numfashi" bai raba su ba, kuma nas mai karɓar aikin dare da shi za ta yi aiki.

A arewacin Kamaru, inda Garwa take, akwai ƙarin wuya. Da Faransanci ake cika takarda, majinyaci kuwa da Fulatanci ko Hausa yake magana, kuma tarbiyyar dauriya ta sa dattijo zai ce "da sauƙi" alhali gumi na keto masa. Shi ya sa ƙwararriyar nas ba ta tsayawa ga amsar baki. Takan duba agogo ta ƙirga numfashi, ta kalli leɓe da farce, ta sa abin saurare a bayansa.

'Yan jinya ma, waɗanda ke kwana a tabarma gefen gado, suna da rawar takawa. Tausayi kan sa su hana mara lafiya motsi, alhali abin da ake so a ɗaga masa kan gado, ya rungume filo a kan ɗinkin ya yi tari, ya kuma fara takawa da zarar likita ya ba da izini.