Yadda Naman Hadaya Ya Daina Ruɓewa A Mina

Alhazan da suka sauke farali kafin shekarar 1983 sun san halin da mayankar Mina ke shiga ran Babbar Salla da kwanakin da ke biye da ita. Dubban ɗaruruwan dabbobi ake yankawa cikin zafin Hijaz, alhaji ya yanki ɗan abin da zai ci ya bar saura. Abin da matalauta suka kasa kwashewa sai a haƙa rami a binne. Ga shi kuwa Suratul Hajji ta yi umurni da a ciyar da mabukata daga wannan nama, kuma a farin 1973 da 1974 Musulmi sun yi ta fama da yunwa a Nijar da Cadi da Mali. Masu bayarwa sun bayar, mabukata suna nan, hanya ce babu a tsakani.

A 1983 Gwamnatin Saudiyya ta kafa shirin cin moriyar hadaya da layya, ta danƙa gudanar da shi ga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, wanda ya fara aiki a 1975. Alhaji ya sayi takardar shaida, watau ya wakilta a yanka masa. Likitocin dabbobi su duba lafiyar ragon, malamai su tabbatar ya cika sharuɗɗa, mahauta su feɗe, a daskarar da naman. Talakawan Harami ake fara ba wa, sauran a ɗora a jirage da manyan motoci zuwa ƙasashe fiye da ashirin na Afirka da Asiya.

To, ɗakunan sanyi da ladan mahauta da kuɗin jirgi duk kuɗi ne. Mun sha jin attajiri ya ce shi ba ya son ko kwabo na sadakarsa ya tafi ga ma'aikata. Muna ganin wannan kuskure ne. Cikin kashi takwas na masu cin zakka da Suratut Tauba ta lissafa har da masu aikin tattara ta. Abin da ya kamata mai bayarwa ya nema shi ne lissafi: nawa aka karɓa, nawa aka kashe wajen isarwa, wa ya karɓa a can, wane baƙon akanta ya bincika littattafan. Ɗan kasuwar da ba zai aika kaya Kwatano ba tare da rasit ba, bai dace ya aika zakka Sudan a kan hoton yaro mai kuka kaɗai ba.

Sai dai kada a ɗauka dabarar Mina ta dace da ko'ina. Hadaya a Harami ake yanka ta, shi ya sa dole nama ya yi tafiya. Layya da sadaka ba su da wannan ƙa'ida. Wanda ke nufin 'yan gudun hijirar yaƙin Sudan na 2023 da suka tsallaka garin Adre na gabashin Cadi, gara ya aika kuɗi ga amintacciyar ƙungiya mai ma'aikata a wurin, a sayi rago a kasuwar yankin. Makiyayi ya sami ciniki, mahauci ya sami lada, naman kuma ya shiga tukunya ranar da aka yanka shi, a inda babu lantarkin da zai riƙe daskararre.