Mota mai ƙugiya don sare itatuwa: a yi lissafi kafin a zuba jari

Duk mai rumfa a Maraɗi, Ƙwanni ko Ɗan Isa ya san inuwar bedi, wato dogon yaro. Sai dai itatuwan da iyayenmu suka dasa sun tsufa, kuma da hadarin farkon damina ya taso da iska, a kan kwanon shaguna da wayoyin lantarki rassansu ke faɗawa. Mai gatari ba ya iya kayar da babban icce tsakanin rumfuna ba tare da ɓarna ba. Shi ya sa muke jin wasu 'yan kasuwa na shawarar sayo babbar mota mai ƙugiya, wadda ke riƙe reshe a sama, a yanke shi da zarton inji, ta sauke shi a hankali.

Shawarar ba ta da laifi, amma akwai abin da dillali ba zai gaya muku ba. Ƙarfin ƙugiya yana raguwa ne gwargwadon miƙewar hannunta. Wadda ke ɗaga ton 5 a nisan mita 2, in ta miƙe zuwa mita 10, da ƙyar ta ɗaga ton 1. Ga shi kuwa aikin icce daga nesa ake yin shi, ta bisa katanga ko rufin shago. Buhun siminti an san nauyinsa. Ɗanyen reshe sai ƙiyasi, kuma in an yanke shi ba a mayar da shi. In ya fi ƙarfin motar, ita ce za ta kife. Ƙasarmu kuma rairayi ce, dole a shimfiɗa katakai masu kauri ƙarƙashin ƙafafun da motar ke dogarawa. Saboda haka gwanin matuƙi ya fi motar kanta wuyar samu.

Sai maganar takarda. Dokar gandun daji ta Nijar ta 2004 ba ta bar kowa ya sare icce yadda ya ga dama ba, balle gawo, wanda ake karewa tun zamanin sarakunan Damagaram. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji tukuna.

Kuɗin shigowa ma sun ƙaru. Rufe iyakar Benin a 2023 ya karkatar da kaya zuwa hanyar Lome da Burkina Faso, mai nisa da tsada, ga duwan na jira. Mafi yawan motocin nan kwance ne daga Turai, ƙura kuma na cinye robobin mai. A tambayi makanike ko kayan gyaranta na samuwa a Kano.

A ganinmu, icce kaɗai ba zai mayar da jarin ba, tunda aikin na watanni 3 ko 4 ne na damina. Sauran shekara sai motar ta ci abinci wajen sauke janareto, ɗora kwantena, ko ɗebe kayan tirelar da ta faɗi a hanyar Jibiya. Wanda bai riga ya san masu ba shi irin wannan aiki ba, ya fara da haya damina ɗaya, yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.