Amurka: Kolorado za ta sauya yadda ake raba lasisin farauta

A jihar Kolorado, masu neman lasisin farautar manyan namun daji sun fi lasisin yawa, shi ya sa ake rabo duk shekara. Wanda bai dace ba sai ya samu maki ɗaya, kuma masu maki mafi yawa ake fara ba wa. Sai dai makin da ake buƙata kullum hauhawa yake yi. A wasu yankuna jiran ya wuce shekara 20, sabon mafarauci kuwa ba ya kamo na gabansa.

Daga 2028, rabin lasisin ne kawai zai bi yawan maki, sauran kuma ƙuri'a ce da kowa ke iya ci. Waɗanda suka daɗe suna tara maki za su ji a jikinsu, domin jiransu zai ƙaru.