Na'ura a Rumfar Zaɓe

Malamai da 'yan'uwa ɗalibai, bari mu duba yadda na'ura ta sāke sha'anin zaɓe a Nijeriya, domin gobe mu ne yara za su tambaya.

Dā can, in mutum ya zo zaɓe, sai malamin zaɓe ya duba sunansa a littafi, ya miƙa masa takarda. Mai wayo kuwa ya kan dangwala sau uku, har matattu ma a kan jefa musu ƙuri'a.

A shekarar 2015, zamanin Farfesa Attahiru Jega, Hukumar Zaɓe ta kawo na'urar karanta kati. Ita ce ke gane ko katin na gaske ne, sa'an nan ta gwada yatsan mai shi. Ran zaɓe sai ta ƙi karɓar katin Shugaba Jonathan kansa a Otuoke. Nan aka san ta kan gaza.

A 2021 aka fara aiki da wata, wai ita BVAS. Wannan ta kan gane mutum da yatsa ko da fuska. Bayan an ƙirga ƙuri'u kuma, da ita ake ɗaukar hoton takardar sakamako, a aika ta intanet zuwa wani shafi mai suna IReV, kowa ya gani. Dalili kuwa, tsakanin rumfa da wurin tattara sakamako aka saba sāke lissafi.

To, ran 25 ga Fabrairu, ga azancin mutane duka, an sa rai ƙwarai, gama a ran nan ta 2023 aka yi zaɓen shugaban ƙasa a rumfuna fiye da 176,000. Amma hotunan sakamakon suka yi jinkirin hawa. Hukuma ta ce tangarɗa ce, 'yan hamayya suka ce maguɗi ne. A watan Oktoba Kotun Ƙoli ta yanke cewa rashin aikawar bai ɓata zaɓen ba.

Watau na'ura ta toshe wata ƙofar sata, amma ba ta hana sayen ƙuri'a ba, ba ta kuma ba mai riƙe da ita amana. Saboda haka in ka jefa ƙuri'arka, tsaya a ƙirga a gabanka, ka ɗauki hoton takardar da aka liƙa a bango. Haka kuma za mu koya wa almajiranmu.