LASHA TALAKHADZE: Kilo takwas suka rage a cika rabin ton

A tsakanin duwatsun Kokas da Baƙin Teku akwai wata ƙaramar ƙasa da ake kira Jorjiya, wadda jama'arta ba su kai miliyon huɗu ba. Ta samu mulkin kai a shekara ta 1991, sa'ad da Tarayyar Sobiyet ta wargaje. A can ne, cikin garin Sachkhere, aka haifi Lasha Talakhadze ran 2 ga watan Oktoba na 1993, mutumin da ya ɗaga nauyin da ba a taɓa ganin ɗan Adam ya ɗaga a fagen gasa ba.

Wasan ɗaga ƙarfe kashi biyu ne. Akwai fizga, inda ɗan wasa ke sunkutar ƙarfen daga ƙasa zuwa bisa kansa a tashi ɗaya. Akwai kuma saɓi, inda yake fara aza shi bisa kafaɗu, sannan ya tura shi sama har hannuwansa su miƙe. A kowane kashi sau uku ake gwadawa, alƙalai su ɗauki mafi nauyi na kowane su haɗa, wanda jimillarsa ta fi shi ne zakara.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: mahaifin Lasha ma ɗaga ƙarfe ya yi. Mai horar da shi kuwa shi ne Giorgi Asanidze, wanda ya ciyo wa Jorjiya lambar zinariya a wasannin Olampik na Atina a 2004. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ta taɓa rasa gwaninta, domin Kakhi Kakhiashvili, haifaffen Jorjiya, da tutar Girka ya ci zinariyarsa ta 1996 da ta 2000.

Amma da tuntuɓe Lasha ya fara. A 2013 gwaji ya nuna akwai stanozolol a jikinsa, ɗaya daga cikin magungunan ƙara ƙarfi da aka haramta, aka dakatar da shi shekara biyu. Da ya komo a 2015, ya zo na biyu a gasar duniya ta Houston, a Amurka, bayan Aleksey Lovchev na Rasha. Ba a jima ba gwaji ya kama shi ma Lovchev, aka karɓe lambar aka miƙa wa Lasha. Dokar da ta kayar da shi jiya, ita ce ta naɗa shi yau.

A Riyo, ran 16 ga Agusta na 2016, ya nuna ba gadon sarauta kaɗai ya iya ba. Behdad Salimi na Iran ya fi shi da kilo ɗaya a fizga, 216 da 215, amma a saɓi alƙalai ba su karɓar masa ko ɗaya ba. Lasha ya saɓa 258, jimilla 473, ya shafe bajintar 472 da Hossein Rezazadeh ya kafa tun shekara ta 2000.

Daga nan sai ya zamanto da kansa yake tsere. Ya yi 477 a Anaheim a 2017, ya yi 484 a Pattaya ta ƙasar Tailan a 2019. A Olampik na Tokiyo, a 2021, ya haɗa 488, ya bar na biyu, Ali Davoudi na Iran, a baya da kilo 47. A watan Disamba na wannan shekara, a birnin Tashkent, ya fizgi 225, ya saɓa 267, jimilla 492. Ɗan kasuwa ya ƙiyasta: kilo 267 ya zarce buhun siminti biyar, ga shi mutum ɗaya ya tsaya da shi bisa kansa. Da wannan ya wuce 266 na Leonid Taranenko, wanda ya gagari kowa tun 1988.

Tun daga ranar masu sha'awar wasan suka zuba ido ga adadi ɗaya: 500, wato rabin ton. Kilo takwas kacal suka rage. Sai dai jiki magayi. Mutum mai tsawon mita 1,97, wanda nauyinsa ya kai wajen kilo 180, gwiwoyinsa na ɗauke da kaya tun kafin ya taɓa ƙarfe. Raunuka suka fara yi masa sallama. Ya ci gasar duniya a Bogota a 2022 da 466, ya sake ci a Riyad a 2023 da 473, karo na bakwai ke nan, amma ratar da ke tsakaninsa da na baya ta ragu.

A Paris, ran 10 ga Agusta na 2024, aka ga ranar wanka. Varazdat Lalayan na Armeniya ya tsaya masa kafaɗa da kafaɗa, ya haɗa 467. Lasha ya fizgi 215, ya saɓa 255, ya tsira da kilo uku. Zinariyar Olampik ta uku ke nan a jere, dukansu kuma da tutar ƙasarsa. A zaɓen watan Oktoba na 2024 ya shiga majalisar dokokin Jorjiya.

Masu suka ba su manta da 2013 ba, kuma suna da hujja, domin magungunan haram sun daɗe suna ɓata sunan wannan wasa, har an ƙwace lambobi da dama shekaru bayan an rataya su. Magoya bayansa kuwa suna cewa ya yi laifi, ya sha hukunci, ya komo ya yi shekara tara ba wanda ya kayar da shi a babbar gasa. Abin da ɓangarorin biyu ba su jayayya a kansa shi ne adadin da aka rubuta a Tashkent. Duk saurayin da ya ɗaura ɗamara da niyyar rabin ton, sai ya fara ratsa 492 tukuna.