Haɗa Ƙaramin Babur Da Kayan Gwangwan: Lissafin Da Za Ka Yi Kafin Ka Yanka Ƙarfe

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon: wani ya tara ɓaraguzan ƙarafa da tsohon inji, an nuna tartsatsin walda, kafin minti uku sai ga shi a kan ɗan ƙaramin babur yana zagaya gida. Matasa da yawa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa idan suka kalla sai su ce ai duk kayan nan muna da su. Gaskiyarsu ne kuwa. Sai dai bidiyon yakan ƙare ne daidai lokacin da inji ya tashi, alhali tayar da inji shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da zai sa ka dawo gida da ƙafafunka abu uku ne: lissafin kaca, birki, da ingancin walda.

Me ya sa kudancin Kano ya dace da wannan aiki?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙaramar hukumar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya zama sana'ar yankin. Inda ake noman rani kuwa ba a rasa injin ban-ruwa, sabo da tsoho. Ga injinan markaɗe a kowace unguwa, ga ƙananan janaretoci da suka gaji, ga baburan da suka yi hatsari aka jingine a garejin makanikai. Abin da ba a samu a gida ba, ana samunsa a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke cikin Kano ko a hannun 'yan gwangwan.

Buƙatar ma tana nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin babur da na mai suka fi ƙarfin matasa da yawa. Ɗan abin hawa da zai kai mutum gona ya dawo da shi, ko ya ɗauko masa buhun taki, ba wasan yara ba ne a ƙauyen da ke nesa da titi.

Da haka Honda ta fara

Kada wani ya raina wannan sana'a. A 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani makanike a garin Hamamatsu na ƙasar Jafan mai suna Soichiro Honda ya samu ragowar ƙananan injina da sojoji suke amfani da su wajen bai wa rediyonsu wuta. Ya riƙa ɗaura su a jikin kekuna yana sayarwa, kimanin guda 500. Da suka ƙare, sai ya ƙera injin kansa a 1947, ya kafa kamfanin Honda a 1948. Babur ɗinsa mai suna Super Cub, wanda ya fito a 1958, ya haura guda miliyan 100 da aka ƙera a 2017. A Amurka ma, ƙananan baburan da muke gani a bidiyo sun samo asali ne a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da masu sha'awa suka riƙa ɗora injin yankan ciyawa a kan ƙarafan da suka haɗa da hannunsu.

A nan gida, a 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar Fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tsohon injin mota Honda Civic da sauran tarkacen ƙarafa. Jirgin ya ɗaga daga ƙasa, ko da yake bai wuce ƙafa 7 ba. Abin lura a labarinsa shi ne ɗalibin lissafi da kimiyya ne, ya yi karatu a kan abin kafin ya taɓa ƙarfe.

Wane inji za ka zaɓa?

Injina biyu ne suka fi yawa a hannun mutane. Na farko shi ne na ƙaramin janareta irin Tiger, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Girmansa kimanin cc 63 ne, ba shi da nauyi, amma ƙarfinsa kaɗan ne, zai wahala da babban mutum a kan hawa. Wata matsalar kuma, sandar da ke fitowa daga cikinsa mai tsini ce, an yi ta ne don ta shige cikin ɓangaren da ke ba da wuta. Kuloci ba ya zama a kanta sai an kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya yi mata mahaɗi.

Na biyu shi ne injin da ke jikin famfon ban-ruwa da injin markaɗe, wato Honda GX160 da ire-irensa da ake kwaikwayo a Sin. Girmansa cc 163, ƙarfinsa kusan doki 5 da rabi, nauyinsa wajen kilo 15, yana juyawa sau 3,600 a minti ɗaya. Shi ne ya fi dacewa. Amma ka duba sandarsa kafin ka biya kuɗi. Wanda aka ciro daga famfon ruwa galibi sandarsa mai zare ce kamar ta noti, domin a nan ake ɗaura fankar da ke tura ruwa. Wanda ke jan bel a injin markaɗe shi ne mai miƙaƙƙiyar sanda da tsaga, kuma a kansa kuloci ke zama daidai. Ka auna kaurin sandar, domin akwai mai milimita 19 da mai milimita 20, kuma kulocin wannan ba ya shiga wancan.

Kulocin da ake amfani da shi mai kama kansa ne. Idan inji yana silo, taya ba ta motsi. Idan ka murɗa totur juyin ya kai wajen 2,000, sai ya kama. Wanda ya haɗa kaca kai tsaye ba kuloci, yana jan igiyar tayar da inji babur zai fizge ya bar shi.

Lissafin da ke wayarka

A nan ne yawancin masu gwadawa ke faɗuwa. Babur ɗin kamfani yana da giya a cikin injinsa da ke rage gudun juyi kafin ya iso kaca. Injin ban-ruwa ba shi da giya ko ɗaya, don haka kaca da farantanta ne za su yi wannan aikin gaba ɗaya.

Buɗe kalkuletar wayarka. Ƙirga haƙoran babban farantin kaca na baya, ka raba da haƙoran ƙaramin da ke jikin kuloci. Idan na baya 60 ne na gaba 10, amsar 6 ce. Ma'ana inji zai juya sau 6 kafin taya ta juya sau ɗaya. Raba 3,600 da 6, ka samu 600, wato juyin taya a minti. Yanzu ka zagaya tayar da tef ɗin awo. Idan ƙaramar taya ce mai zagayen mita 1.25, to 600 sau 1.25 ya ba ka mita 750 a minti. Ka ninka da 60 ka raba da 1,000, ka samu kilomita 45 a awa. Wannan gudu ne da ya isa, har ma ya yi yawa a hanyar gona.

To ga tarkon. Mutum ya samu tayar baya ta Boxer da farantanta, ya ce shi ke nan. Farantan irin wannan babur ninki uku ne kawai tsakaninsu, tayar kuma zagayenta wajen mita 1.8. Lissafi ya nuna taya za ta nemi juyawa sau 1,200 a minti, kusan kilomita 130 a awa. Injin ba zai iya jan haka ba. Abin da zai faru shi ne kuloci zai yi ta zamewa yana ɗaukar zafi har ya ƙone, babur kuma ya kasa tashi daga tsaye. Maganin wannan shi ne a sa wata sanda a tsakiya mai farantai biyu, a rage gudun sau biyu: haƙora 10 zuwa 30, sannan 14 zuwa 42. Uku sau uku tara ke nan, taya za ta juya sau 400, gudun ya dawo kilomita 43 a awa, ƙarfin ja kuma ya ninka sau uku.

Wanda ke zaune a wuri mai duwatsu da hawa, kamar wajajen Riruwai a Doguwa, gara ya ƙara girman farantin baya ya haƙura da gudu. Sannan ka tabbata lambar kaca ta dace da farantan duka. Kaca 420 da 428 suna kama da juna a ido, amma faɗinsu ya bambanta.

Birki kafin inji

A gudun kilomita 45, kana cin mita 12 da rabi a kowace daƙiƙa. Kafin ka ga akuya ka kai hannu birki, ka riga ka wuce tsawon mota biyu. Kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da kake buƙata kafin ka tsaya takan ninka sau huɗu. Birkin keke mai ɗan roba an yi shi ne don nauyin keke da gudun ƙafa, ba zai riƙe ƙarfe mai inji ba. Tayar baro ma haka, boris ɗinta na tafiyar ƙafa ne, gudu zai cinye shi.

Hanya mafi aminci ita ce ka sayi gaban tsohon babur cikakke, da wuyansa da cokulansa da tayarsa da birkinsa, ka bar su yadda kamfani ya haɗa. Kwanciyar da wuyan babur ke yi ba ado ba ce, ita ke sa babur ya miƙe da kansa idan yana tafiya. Idan aka tsayar da wuyan cak, kan zai riƙa rawa a gudu. A baya ma ka nemi taya mai birkinta. Ka haɗa komai, ka gangara da shi a gangare ba inji ka gwada birki, sai ya gamsar da kai sannan ka ɗora inji.

Akwai wata na'ura a cikin injin da ke hana shi wuce juyi 3,600. Bidiyoyi da dama suna koya yadda ake cire ta don ƙarin gudu. Ka bar ta a wurinta. Kayan cikin injin ba a yi su don juyin da ya wuce haka ba, kuma idan ƙarfen da ke juyawa ya fashe, tsakanin ƙafafunka yake. Ka kuma jawo makashin injin zuwa kusa da babban yatsanka, domin wayar totur takan maƙale.

Walda da ƙarfe

Bututun da ake kujeru da gadaje da shi siriri ne, girgizar inji za ta tsaga shi a bakin walda. Nemi mai kauri, kamar milimita 2 ko fiye, ka kuma sa ƙananan ƙarafa masu kusurwa uku a mahaɗai, musamman wajen wuya. Tsohon bututun ruwa mai farin rufi yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi idan ana masa walda, don haka a kankare rufin a yi aikin a fili. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa kada a kai masa wuta, ko da ya bushe, domin tururin da ya rage a ciki ke fashewa. Yi amfani da tankin da ya zo da injin. Idan ba ka ƙware a walda ba, ka yanka ka jera, ka biya ƙwararre ya ƙona maka.

Abu biyu da bidiyon Turawa ba sa damuwa da su amma mu dole mu damu: murfin kaca da murfin salansa. Mu masu doguwar riga ne da mayafi. Buɗaɗɗiyar kaca tana kama bakin riga ta naɗe cikin ƙiftawar ido, salansar irin wannan inji kuma tana zaune ne dab da cinya.

Idan lantarki ya fi burge ka

Wasu sun koma sa mota mai batir a cikin taya, suna haɗa batirin da ƙwayoyin 18650, irin waɗanda ke cikin tsofaffin batiran kwamfutar tafi-da-gidanka da wasu fawa-bank. Kowace ƙwaya bolt 3.7 ce, idan aka jera 13 sai a samu bolt 48. Babu hayaƙi, babu layin gidan mai, ana iya caji da sola. Hatsarinsa gobara ce. Tsofaffin ƙwayoyi ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, don haka sai an gwada kowace, kuma dole a sa allon da ke kula da caji, wanda ake kira BMS. Kada a bar shi yana caji a ɗakin kwana.

Titi da doka

Hanyar da ta taso daga Kwanar Dangora ta bi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta nufi Jos, hanya ce ta tireloli da motocin kaya. Ɗan babur da tsayinsa bai kai ƙugu ba, direban babbar mota ba ya ganinsa. Kuma abin hawa da ba shi da lambar bodi ba ya samun rajista, don haka jami'an FRSC da KAROTA da 'yan sanda suna da hujjar tare shi. Wurinsa hanyar gona ce da fili. Hular kwano, wadda aka fara tilasta sa ta a Najeriya tun 1 ga Janairu, 2009, ta fi zama dole a kan abin da ka haɗa da hannunka. Kada ka bai wa ƙananan yara su ɗana don ganin ƙanƙantarsa.

Wani abin kiyayewa shi ne asalin kayan. Ana satar injinan ban-ruwa a gonaki, ana satar babura a farfasa su. Duk abin da ka saya mai lamba a jiki, ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton lambar da wayarka, ka san wurin wanda ka saya. Araha ba ta kai kwanan caji ofis ba.

Wanda ya bi waɗannan matakai, ko babur ɗinsa bai yi kyan na bidiyo ba, ya koyi awo, ya koyi lissafin kaca, ya san ƙarfe da inji. Da wannan ilimin ake haɗa injin casar masara, da abin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, da injin huɗa, kayan da manoman Tudun Wada da Doguwa ke biyan kuɗi a kansu kowace shekara. Don haka kafin ka nufi wajen 'yan gwangwan, ɗauki takarda ka rubuta lambobi uku: juyin injinka, haƙoran farantanka, da zagayen tayarka. Idan amsar ta wuce kilomita 45 a awa, sake lissafi.