Gudu Don Tunawa Da Waɗanda Ciwon Zuciya Ya Ɗauke

 Yau daga Gure nake yi muku magana.

Bara waccan mun yi rashin wani abokin aikinmu, malamin karatun manya. Da la'asar ya koyar, ya share allo, ya koma gida. Bayan magariba ya dafe ƙirji ya faɗi. Kafin a kai shi gidan likita rai ya yi halinsa. Bai kai shekara 50 ba. Mun yi zaman makoki, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. Sai daga baya iyalinsa suka gaya mana ya daɗe yana kukan ciwon kai da jiri, amma bai taɓa zuwa an auna jininsa ba. Allah ya jiƙansa.

Na san a cikinku akwai waɗanda suka yi irin wannan rashi. Shi ya sa zan ba ku labarin yadda mutanen wata ƙasa suke tunawa da nasu. Ku saurara, mu ga abin da za mu iya ɗauka.

A Ingila akwai wata ƙungiya da ake kira British Heart Foundation. Likitoci ne suka kafa ta a shekarar 1961. Aikinta shi ne tara kuɗi don binciken ciwon zuciya. A birnin Landan kuma, tun 1981, ana yin wani babban tseren gudu na kilomita 42 da mita 195. Ku da kuka san hanyar mota daga Gure zuwa Damagaram, wannan ya kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu nata. A 2024 mutum fiye da 50,000 suka gama tseren. A 2022 wannan ƙungiya ta zuciya ita aka zaɓa ta zama babbar ƙungiyar taimako ta tseren.

To, ina kuɗin yake fitowa? Ga yadda abin yake. Mutum ya rasa uwarsa, ko abokin aikinsa. Sai ya bi ƴan'uwa da maƙwabta ya ce musu zai yi gudu da sunan mamacin. Wannan ya yi alkawarin kaza, wancan ya yi alkawarin kaza. Ranar gudu sai ya rubuta sunan mamacin a bayan rigarsa. Wani lokaci ma'aikatan wuri guda su haɗu su yi gudu tare don abokinsu. Da yawansu ba gwanayen gudu ba ne, in sun gaji tafiya suke yi. In an gama, kuɗin ba ya shiga aljihun mai gudu, ƙungiyar ake miƙa wa. Ta wannan hanya, tseren Landan ya tara wa ƙungiyoyin taimako iri-iri fiye da fam biliyan 1 tun da aka fara shi.

Wani zai ce, mu mamacinmu addu'a yake so, ina ruwansa da gudu? Gaskiya ne, babu abin da zai maye gurbin addu'a. Amma mun san sadaka mai gudana. Wanda ya gina rijiya da sunan mahaifinsa, ai tunawa da shi ya yi. A ganina, wanda ya sayi abin awon jini ya ajiye wa mutanen garinsu, bai yi nisa da mai rijiyar ba.

Kada ku ce ciwon zuciya na Turawa ne ko na masu kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Babban abin da ke jawo su shi ne hawan jini, wanda muke cewa tansiyo. Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi dare da rana. In jinin ya yi ƙarfi da yawa, zuciya sai ta riƙa aiki kamar jakin da aka yi wa lodin raƙumi. Wata rana ta gaza, ko jijiya ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Mugun halin wannan ciwo shi ne, sau da yawa mai shi ba ya jin komi. Awo kaɗai ke nuna shi.

A nan karatunku zai yi muku rana. In likita ya ɗaura muku abin awo a damtse, lamba biyu ke fitowa, ta sama da ta ƙasa. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, kuma aka sake aunawa wata rana aka sami haka, to jini ya hau. Likitocinmu sukan taƙaita su ce 14 da 9. Duk abu ɗaya ne. In an ba ku magani, kada ku daina sha don kun ji sauƙi, sai likita ya ce.

Sai maganar gishiri. Hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen miya ma gishiri ne, ku sa shi cikin lissafi. Mu mutanen ƙasar Manga akwai abin da ya fi shafar mu, wato kanwa. Arzikin kwarurukanmu ce, ba zan kushe ta ba. Amma abin da ke cikin gishiri mai tayar da jini yana cikin kanwa. A shekarun 1970 likitocin asibitin Zariya sun ga mata masu jego da yawa zuciyarsu tana gazawa, suka danganta abin da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki su ma suna da hannu. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi yake yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta likita ran nan, kada a jira suna.

Yanzu mu dawo kan gudu. Ranar 29 ga Satumba ita ce Ranar Zuciya ta Duniya. An fara yin wannan rana a shekarar 2000. Me zai hana ajinku ya shirya abinsa? Ba sai kun yi kilomita 42 ba. Kilomita 3 ko 5 da sanyin safiya sun isa. Ku sanar da maigari, ku roƙi likita ya zo da abin awo ya jira ku a inda za a tsaya. Kowa ya rubuta sunan wanda yake tunawa a takarda, da hannunsa. Mai dala ashirin ya ba da, mai jika ya ba da. A zaɓi mutum biyu su rubuta kuɗin, a karanta a gaban kowa. In an gama a yi addu'a.

Amma a yi hattara, gudu ba na kowa ba ne. Masu sha'awar ƙwallo sun tuna Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi a fili a birnin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yunin 2003, yana da shekara 28. Ciwon zuciya ne da shi, ga shi kuwa ƙaƙƙarfan saurayi. Saboda haka a auna kowa tun kafin ranar. Mai jin ciwon ƙirji, da mai haki, da tsoho, su taka a hankali ko su zauna wajen rubuta sunaye.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ja layi uku a littafin rubutunsa: kwanan wata, lambar sama, lambar ƙasa. Ku je gidan likita mafi kusa a auna ku, ku rubuta da kanku, ku kawo wa malaminku ya duba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.